Shekarar da na ƙara wa mota sifirin

Labarin motar nan mutum biyu ne suka fi ba da shi, kuma duk cikinsu babu wanda yake faɗarsa daidai. Uwarku in ta fara sai ta mai da ni wawa, tana yi tana share hawayen dariya da bakin zane. Baba Iro na Barkiya kuwa in ya ɗauko shi a zaure sai ya mai da ni waliyyi, har in rasa inda zan sa kaina. To ni ba wawa ba ne, ba kuma waliyyi ba. Direba ne mai fataucin hatsi, wanda ya so motarsa ta ɗauki fiye da abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, bari in rubuta muku yadda aka yi, kowa ya huta da ƙari.

Shekarar da aka haifi ɗan'uwanku Aminu ce. A lokacin ina da farar a-kori-kura, ta hannu na saye ta, amma injinta lafiyayye ne, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. Ina bin ƙauyukan Kutawa da Birchi ina sayen hatsi in kawo Dutsin-Ma, in kuma na samu lodin wani ɗan kasuwa in ɗauka. Aibinta ɗaya ne, bayanta ba shi da ƙarfi. Da an jera mata buhuna kaɗan sai ta durƙusa kamar raƙumi, hancinta ya dubi sama, bodi ya riƙa gogar taya. Lodin da wasu ke kwashewa sawu ɗaya, ni sai na yi biyu, mai ya ƙone, yini ya tafi. 'Yan dako suka sa mata suna Gajiyayya. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai, don ina kallo masu kaya suna tsallake ni suna kiran wani.

Da kaka ta wuce na sayar da bijimin da na yi kiwo, na kai ta garejin Garba bakanike a bayan tasha. Sifirin, ga wanda bai sani ba cikinku, ƙarafan nan ne masu lanƙwasa da ke jere falle-falle a ƙarƙashin bodi, su ke riƙe nauyi. Garba ya samo na wata tsohuwar babbar mota, ya ƙara mata falle uku kowane gefe, aka yi wa bodi walda aka ɗaga shi da ƙarafa, na sa mata tayoyi masu kauri. Ranar da aka sauke ta daga jak ta tsaya cak, bayanta ya fi gabanta tsawo. Garba yana goge hannu da tsumma ya dube ni.

"Mamman, in hwaɗa maka gaskiya tun yanzu. Da kaya, za ka ji ta kamar kana bisa katifa. Ba kaya kuwa, sai ta zubar maka da haƙora."

"Wa ya ce maka zan tuƙa ta ba kaya?" na ce masa. "Ai don kaya na kawo ta."

Kuma gaskiya na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba. Sawu biyu ya koma ɗaya. Masu kayan da suka guje ni suka dawo suna kirana tun kafin in kashe inji. 'Yan dako suka rasa abin faɗa, sai wani cikinsu ya ce Gajiyayya ta sha maganin ƙarfi. Da safe in na fita ba kaya tana ɗan dukana a ƙugu, amma ni a lokacin jikina kamar icen kirya yake, ban ɗauke shi komai ba. Bazarar nan har rufin ɗakin uwarku na sake. Ina tafiya ina jin kaina, na manta sarai cewa akwai rana guda da motar nan ba kaya take ɗauka ba, mutum ɗaya take ɗauka.

Kakarku Hajiya 'yar Barkiya ce. Tun da mahaifina ya rasu take zaune tare da mu a Dutsin-Ma, amma rabin ranta yana can wajen yayarta, Inna Rabi, mahaifiyar Baba Iro. Uwarsu ta rasu Hajiya tana rarrafe, Inna Rabi ce ta goya ta, ta yaye ta, ta aurar da ita. Har suka tsufa ba ta kiranta da komai sai Auta. A shekarun da nake ba ku labari yanar ido ta hana Inna Rabi gani, ƙafa ma ta ƙi, ba ta wuce ƙofar gida. Saboda haka Hajiya ce mai zuwa. Duk bayan mako biyu nakan ajiye sana'a, in wanke mota, in sa mata matashi a gaba, ta ƙulle goro da sabulu da man zafi a ɗankwali, mu tafi. Su shige ɗaki su yini suna hirar mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Hajiya ba ta neman komai a wurina, ba zane ba, ba nama ba. Wannan tafiyar kaɗai ce haƙƙinta, kuma kowa a gidan ya san haka.

Da aka yi aikin motar, azumi ya shigo, ga hidimar haihuwar Aminu, sai tafiyar ta ɗan tsaya. Ba mu koma ba sai da ruwa ya sauka. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi kwalta ce, abin da sauƙi. Muna sauka kan hanyar Barkiya, wadda ruwan farko ya riga ya zaizaye, sai motar ta nuna halinta. Ramin da a da take haɗiyewa shiru, yanzu sai ta buga shi ta yi sama da mu. Na rage gudu har mai keke ya wuce mu, duk da haka ba ta daina ba. Ƙullin goro ya faɗi ƙasa. Hajiya ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan yana jan carbi.

"Hajiya, lahiya dai?"

"Tuƙa motarka," ta ce, ba ta ko dube ni ba.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane wannan ba sai na yi muku bayani. Ni ɗan fari ne, kuma Hajiya irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "mai mota" ko "wancan". Ba ta yaba mini a gabana, ba ta kuma kawo mini kuka. In takalmina ya taka mata ƙafa, ƙanena za ta gaya wa. To mace irin wannan ce za ta buɗe baki ta ce motar da na sayar da bijimi na gyara tana karya ta? Muka je, muka dawo, ta shiga ɗaki ta kwanta. Na ga uwarku tana kai ruwan zafi safe da yamma, na tambaya, aka ce sanyin damina ne.

Da lokacin komawa ya yi na wanke mota, na sa matashi. Hajiya ta aiko da ƙullin goro ta ce in je in gaishe da Yaya, ita yau ba ta jin fita. Na gaba ma haka. Na je ni kaɗai, na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Rabi, ta miƙo hannu tana laluben bayana ko akwai wani.

"Ina Auta?"

"Tana gaishe ki, Inna. Jikin ne sai a hankali."

Ta janye hannunta ta ce, "Ko dai na yi mata wani laihi ban sani ba?"

Maganar nan ta bi ni har gida. Na shiga ina faɗa, ina cewa in ciwo ne a tafi asibiti, in kuma wani abu ne ya shiga tsakaninsu a gaya mini. Uwarku tana tankaɗe, ta bari sai da na gama.

"Malam, kai kaɗai ne ba ka sani ba a gidan nan. Motarka ce. Tun ranar nan ba ta iya ruku'u sai a zaune. Ta ce in na hwaɗa maka ba ta yahe ba, to ga shi na hwaɗa, sai ta yi haƙuri. Garin gyaran gira ka tsone ido."

"To mi kike so in yi?"

"Ka cire ƙarafan da ka sa."

Cirewa a baki da sauƙi. In na cire, bijimina ya tafi a banza, na koma sawu biyu, na koma Gajiyayya. Na yi tunanin ɗaukar mata shatar ƙaramar mota, amma da damina babu ƙaramar motar da ke shiga hanyar nan. Babur kuwa, Hajiya ta ce ko gawarta kar a ɗora a kai. Na yi kwanaki ina juya abin, ina jin haushin Garba, alhali mutumin nan ya gaya mini tun a gareji. Rannan ina dawowa daga Birchi da lodi har sama, a hanyar da ta fi ta Barkiya muni, sai na lura kwanon furar da na ajiye a gefena ko ɗigo bai zuba ba. Na taka birki na zauna ina kallon kwanon. Ashe maganin yana bayana ina ta nema. In mota sai da kaya take laushi, to a sa mata kaya.

Ina da masara a shago, wadda na saya tun da kaka na ɓoye, ina jiran tsakiyar damina ta yi daraja. Ita ce ribar shekarata. Na sa aka jera rabinta a bodi, da niyyar ta raka mu ta dawo. Na aika uwarku ta gaya wa Hajiya an gyara mota. Ta daɗe kafin ta ce a gwada. Muka sauka daga kwalta ina satar kallonta. Rami na farko motar ta haɗiye shi, na biyu ma haka. Hajiya ta saki ƙofa. Can sai na ji tana magana, ba da ni ba, da gilashi, tana nuna tsamiyar da suke tsinka suna yara da gonar da ta ce ta kakansu ce. Kafin mu kai rafi har gyangyaɗi ta yi. Ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar nan ba, ina ta yaba wa kaina dabara.

Abin da dabarata ba ta hango ba shi ne wannan. Lokacin gero ya yi kai amma bai nuna ba, rumbuna sun yi ƙasa, gidaje da yawa sun koma tuwo sau ɗaya. Kuma a ƙasarmu babu wanda ke tsayar da mota a ƙofar gidan yayar uwarsa, da uwar a gaba da buhuna a baya, a ce buhunan wucewa za su yi. Ina kashe inji yara suka ruga ciki suna cewa Hajiya ta zo da hatsi. Kafin in zagayo in buɗe mata ƙofa, Iro ya fito yana salati, samari biyu sun riga sun haye bodi. Aka riƙo Inna Rabi har bakin mota, ita da ba ta wuce ƙofa. Ta rungume Hajiya, sannan ta miƙa hannu ta shafa buhu, ta matsa, ta ji ƙwayar masara. Sai ta ɗaga hannu sama ta fara sa mini albarka, tun daga kaina har jikokin da ban haifi iyayensu ba, mutane suna amin.

Na buɗe baki. Me zan ce? A mayar, nauyi na kawo? Na dubi Hajiya ko za ta cece ni, ta kau da kai tana gyara gyale. Ina tsaye aka shige da buhu na ƙarshe. Kafin la'asar an raba masarar nan tiya-tiya, har gidajen da ban san muna da dangantaka ba. Tsofaffi suna zuwa suna riƙe mini hannu, ni kuwa ina murmushin yaƙe. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar ban ji daɗin kyauta ba ko kaɗan, ribar shekarata nake gani tana fita a ƙwarya.

Sai da za mu tafi na tuna mota ta koma wayam. Na ja Iro gefe na ce ina son taki, in akwai, zan kai gona. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba, sannan ya tara samari suka kwashe turken shanunsu kaf, suka ɗora itace a sama. Haka muka dawo Dutsin-Ma, Hajiya ta toshe hanci da gyale amma bayanta lafiya. Uwarku ta leƙo ta ga abin da na fita da shi da abin da na dawo da shi, ta zauna a dokin ƙofa tana dariya har Aminu ya farka.

Da mako biyu suka cika na ce na yi hankali. Na sa aka cika buhuna da yashi, aka ɗinke bakinsu tsaf, aka jera. Nauyi dai nauyi ne, mota ba ta san bambanci ba. Hajiya ta fito da ƙullinta, ta zo wucewa ta gefen bodi, sai ta tsaya ta danna buhu ɗaya da yatsa. Ta juya ta koma zaure ta zauna. Uwarku ta biyo ta. Ita ta yi wa maganar, amma da ƙarfin da zan ji.

"Binta, ki ce ma mai mota ya tahi shi kaɗai. Yaya ba ta gani, da hannu take duba. In ta shafa ta ji yashi gaban mutane, in ce mata mi? Gara bayana ya karye a ɗaki da in kai mata ƙasa a buhu."

Na tsaya a rana, ga mota ga zaure. Hanya uku ce gabana, kuma na san su duka. In koma wurin Garba a cire sifirin, sana'ata ta koma baya. In ɗora sauran masarar, a sake kwashewa, shekarar ta tashi a tutar babu. Ko in ɗauki ƙullin goro in tafi ni kaɗai, Inna Rabi ta sake laluben bayana. Ta ukun ce na ji ba zan iya ba, ko sau ɗaya. Tsofaffin nan biyu ba su da wasu shekaru masu yawa da za a ce a bari sai kaka. Na kira 'yan dako na ce a zubar da yashi a buɗe shago. Ina kallo suna ɗorawa ina yi wa kowane buhu ban kwana a zuci, raina a ɓace, amma ban ce a tsaya ba.

Muka isa, yara suka yi ihunsu, samari suka taho za su haye. Inna Rabi tana zaune bisa tabarma a ƙofar gida, an fito da ita tun hantsi tana jira. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Kar wanda ya taɓa. Mamman, matso nan."

Na durƙusa gabanta.

"Ido ne ya tahi, kunne yana nan. Ran da ka zo kai kaɗai, tun daga rahi nake jin motarga tana ƙara kamar ana sukuwa da tukwane. Ran da ka zo da masara ban ji zuwanku ba sai da yara suka yi ihu. Kuma ka tashi tahiya ka roƙi kashin shanu, kai da gonarka ba ta kai zaure ba. Na kwana biyu ina haɗawa. Auta ba hushi ta yi da ni ba, motarka ce ba ta zama lahiya sai da nauyi. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Inna."

"Kuma ka sake ɗorowa, ka san za a kwashe."

Ta lalubo kaina ta dafa.

"Ta farko mun ci, Allah ya saka, ba mu iya maido ta. Yau a sauke ɗaya, kar a ce ɗan Auta ya zo hannu rabbana. Sauran matashinta ne, da su za ta koma. Wanda ya ƙara hawa motarga ba da izinina ba, ni da shi."

Mutane suka fashe da dariya, Iro har da riƙe ciki. Hajiya ta rufe baki da gyale ta ce, "Yaya, kin cika tonon asiri." Ni kuwa na ji kunya, na ji sanyi, na kuma ji ƙwalla, duk a lokaci guda.

Haka aka ci gaba. Duk zuwa buhu ɗaya yana sauka, sauran su dawo, har 'yan dako suka san su da masarar Hajiya, ba a sayar da ita. Buhu ɗaya duk mako biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin jari, ga rabin masarar da ta tafi a shekarar farko, wadda sai da na yi kaka biyu kafin in farfaɗo. Amma motar da ta jawo asarar ita ta riƙa biya, kuma sifirin yana nan ban cire ko falle ɗaya ba. Daminoni da dama tsofaffin nan suka ƙara suna yini tare, kuma ban taɓa zama na yi da-na-sani ba.

Tun daga nan sau ɗaya kaɗai muka tafi ba hatsi. Wata bazara ce, ɓera ya shiga shago na kwashe komai na sayar, har da masarar Hajiya, da niyyar in sayo sabuwa ranar kasuwa. Da hantsi Iro ya bugo waya ya ce jikin Inna ya yi tsanani, tana ta kiran Auta. Hajiya ta riga ta fito da gyale a hannu, ni kuwa ina tsaye gaban bodi wayam, na rasa abin da zan ɗora, ga shi babu lokacin nema. Uwarku ce ta leƙa ta katanga ta kira matan maƙwabta, ta ce duk mai zuwa dubiya ta fito yanzu. Ta shimfiɗa tabarma a bodi, ta kwaso ku duka, har da wanda bai gama cin kokonsa ba, ta mirgino turmi aka ɗora, ita ma ta haye ta ce in ja.

Motar ta tafi lafiya lau, ko sau ɗaya Hajiya ba ta riƙe ƙofa ba. Ta samu yayarta da rai da hankalinta, ta kwana biyu a gefenta, a hannunta ta cika. Ku kuwa kuna baya kuna faɗa a kan wa zai zauna bisa turmi, kun ɗauka yawo aka kai ku. Ku ne lodin ranar nan.